Haƙoran Belmiro da Busar Ƙofar Coci

A saurara, jama'ar tudu da na gangare, masu karɓar fansho da masu hangensa daga nesa. Mu, Anacleto Sardinha, mai riƙe da wannan fili, bayan dogon nazari da tuntuɓar magabata, mun zartar cewa daga wannan mako duk namijin da ya haura sittin, ya fito daga gidan abinci da tsinken sakace a gefen baki, yana juya shi daga dama zuwa hagu a bainar jama'a, ya aikata laifin nuna arziki. Mai abin sakacewa ya shiga ɗakinsa ya ja labule. Akwai masu kallo, kuma ba kowane mai kallo ke da inda nama zai maƙale ba. Doka ta fara aiki nan take, babu ɗaukaka ƙara. Dalilinta yana cikin wasiƙar da ke tafe, wadda muka buga yadda ta zo, illa mun cire zagi biyu da sunan wani kamfani.

Ranka ya daɗe Malam Anacleto,

Ka taimake ni don girman Allah, tun kafin in aikata abin da zai sa a daina gaishe ni a garin da aka haife ni. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Matata Deolinda ce ke karanta filinka duk Asabar, tana dariya ita kaɗai a kicin, ni kuwa a da ina ɗaukar masu rubuto maka marasa aikin yi. To ga ni. Na san za ta gane ni tun daga layin farko. Ta gane ɗin.

Ni tsohon mai raba wasiƙu ne, na yi ritaya shekara tara da suka wuce. Amma in ka shigo garinmu ka tambayi mai raba wasiƙu, sai an yi tunani. Ka ce mai ƙaho, yara ma za su nuna maka ƙofata. Tun ina ɗan sha huɗu nake busa a badujalar gari. Ka san bikin Agusta yadda yake a ko'ina, sai dai namu yana da abu guda. In an gama zagaya gari da siffar Waliyyiyar cocinmu, masu ɗauke da ita sukan tsaya a ƙofar coci su juyo da fuskarta ga jama'a. Ganga ta yi shiru, kowa ya yi shiru, sai ƙaho ɗaya ya busa shi kaɗai. Wannan busa ta wanda ya fi kowa daɗewa a badujala ce, ba tare da ya taɓa fashin biki ba. Ba a rubuta shi ko'ina ba, haka muka taras. Tun rasuwar tsoho Gervasio ni ke yin ta.

Sai haƙorana na gaba suka fara girgiɗi. Wanda bai taɓa busa ba ba zai gane ba: bakin ƙaho a kan haƙoran gaba yake jingina, in babu su leɓe ba shi da bango. Aka cire huɗu. Ban damu sosai ba a lokacin, don ina taƙama da inshora. Ranar da na je buɗe asusun fansho wata yarinya mai fara'a ta sayar mana da inshorar haƙori da ido ta dattawa, ni da Deolinda, ana cirewa duk wata tun kafin kuɗin ya ga aljihuna. Shekara tara ina biya. Abin da na samu, wankin haƙori sau ɗaya a shekara, da cirewa kyauta. Cirewa kam ba a bar su a baya ba, sun iya.

Da na ce a dasa mini wasu, sai likita ya yi murmushi irin na mai jaje. Ashe inshorar tana da iyakar abin da take biya a shekara, kuma iyakar ba ta kai kuɗin dashen haƙori ɗaya ba, balle huɗu. Ashe kuma haƙori da ido tukunya ɗaya suke ci. Aka yi mini haƙoran roba, masu kwana a kofi. Yanzu sun yi sako-sako, suna son gyara. Ga idona ma ya ja baya, ga sabon jagoran badujalarmu, Telmo, wanda ya yi karatun kiɗa a Porto, ya zo mana da sababbin waƙoƙi a kan 'yan katunan da muke maƙalawa a jikin ƙaho, rubutu kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Na je ofishin masu inshorar na yi bayani. Bana dai zaɓi aka ba ni: ko in ga abin da ba zan iya busawa ba, ko in busa abin da ban gani ba.

A wajen gwaji, watan jiya, na kai wata murya ta sama sai na ji jeren haƙoran roban ya motsa. Kafin in kama, ya fita ya faɗa kan babbar ganga, tim. Mai gangar ya ce, "Yau ne karon farko da ka shigo daidai kan kiɗa." Aka yi dariya, ni ma na yi, hannuna a baki.

Duk wannan da na haƙura, Malam, ba don Belmiro ba.

Belmiro abokina ne tun muna satar ɓaure. Benci ɗaya a makaranta, benci ɗaya a badujala, ni ƙaho na farko shi na biyu. Ya tafi Suwizalan aikin gini, ya yi shekara talatin da wani abu, bara ya dawo gaba ɗaya. Ya dawo da fanshon can, ya gina gida mai zakuna biyu na siminti a ƙofa, ya kuma dawo da baki. Cikakken baki, dasasshe tun daga wannan kusurwa har waccan, fari fat kamar sabon kwanon wanke hannu. Ga tabarau mai ganin nesa da kusa, wanda yake yin baƙi da kansa in an shiga rana. Mutumin da a da sai ka yi da gaske ka ga fara'arsa, yanzu ko sanarwar mutuwa ake karantawa sai ka ga haske a bakinsa.

A shagon kofi, ƙarshen burodin masara yake cewa a kawo masa, ɓawon nan da ko kare sai an jiƙa masa. Ya gatsa, ƙaras, ya dube ni ya ce, "Bismilla mana, ɗan'uwa, ko a tsoma maka a miya?" Wata rana kuma, "A can fa ko karen maigidana yana da likitan haƙorinsa." Na ce ai shi ya sa kuka dawo da murmushi iri ɗaya. Mutane suka yi dariya, amma shi ya fi kowa, don ya sami dalilin buɗe baki.

Ban so in faɗi wannan ba, amma tunda na fara. Kafin ni, da shi Deolinda take rawa a biki. Tsohon zance ne, mun haifi 'ya'ya mun ga jikoki. Amma ran nan muna cin abinci, ina kurɓar romo, ta ce, "Belmiro ya koma saurayi." Na ce ai haƙoran ba nasa ba ne. Ta ce, "Naka ma ba naka ba ne, maigida. Nasa dai ba sa kwana a kofi." Ta ci gaba da yanka albasarta kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa na kwana ina kallon kofin.

Abin da ya fi ci mini rai, Belmiro ya iya busa. Da ma a ce ya manta. Ashe a can ma yana cikin wata badujalar 'yan ƙasarmu. Telmo ya ce ya gwada busar ƙofar coci, wai ko da wani abu zai faru. Ya busa. Ɗakin ya yi tsit, matar da ke share mana wuri ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na bi ta bayan gari na koma gida don kada in haɗu da kowa. Tun daga ranar, in yana cin zaitun ina kallon bakinsa, ina fatan ya gamu da ƙwallo. A coci ma nakan tsinci kaina ina ƙirga masa haƙora maimakon addu'a. Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa ke nan fa.

Ga inda nake. Za a yi taron 'yan badujala kafin biki, kuma na ji Telmo zai kawo sunan Belmiro. In na miƙe na ce al'ada, magana ta ƙare, dattawa duk suna bayana. Amma sai in busa da haƙoran da gam ke riƙe da su, cikin zafin Agusta, bayan mun zagaya gari a ƙafa, a gaban jama'a da 'yan hutu masu ɗauka a waya. Gam ɗin wata rana ya riƙe, wata rana ya saki. Ko kuma in yi murabus in ce gwiwa ce. Akwai hanya ta uku. Rabon Deolinda na bana ba a taɓa shi ba. Ita ma tana son sabon tabarau, da laluben allura take saka zare, amma ta ce za ta iya jira. Wani a shagon kofi ya ce ya san inda za a yi mini tabarau a rubuta da sunanta, nawa rabon kuma ya tafi gyaran haƙori.

Ka gaya mini gaskiya. Ba na son in rasa busar nan, ba na son in ji kunya, kuma ba na son ya samu. Na ukun ne ya fi ƙarfi, shi ya sa na rubuto.

Naka,
Ƙaho Mai Haƙoran Aro

Ya kai Ƙaho Mai Haƙoran Aro,

Kotu ta zauna, ta goge tabarau, ta karanta ƙararka sau biyu. Da farko tana yaba maka a kan jimlarka ta ƙarshe. Masu hassada da yawa sun rubuto wa wannan fili, dukansu da sunan neman adalci. Kai kaɗai ka kira cutarka da sunanta, kuma likita ya fi son irinka.

Mu fara da inshora, domin a nan fushinka ya kamata ya sauka, sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Irin wannan inshora laima ce da aka ɗinka daidai faɗin hula: tana tare yayyafi, in ruwa ya sauko da gaske kafaɗunka naka ne. Ba mu ce an yi maka sata ba. Mun tabbata komai yana rubuce, da haruffan da sai mai tabarau zai karanta, tabarau ɗin kuwa yana cikin abin da ake jayayya a kai. Ka koma ofishinsu da 'yarka ko wani mai ido, ka tambayi abu biyu, a ba ka amsa a rubuce: ranar da shekarar inshorarka take sabuntawa, da abin da suke biya a kan haƙoran cirewa masu ƙarfe da ke kama sauran haƙora. In aiki ya faɗo rabi kafin ranar rabi bayanta, ka ci tukunya biyu da halalinka. Bayan haka ka zauna ka auna abin da kake biya a shekara da abin da kake samu. In riba tasu ce kullum, ba aure kuka ɗaura ba.

Ka je wurin likita biyu, ba ɗaya ba, kowanne ya rubuta maka farashi. Ka leƙa asibitin koyarwa na masu karatun haƙori a birni, inda aiki yakan yi jinkiri amma yakan yi sauƙin kuɗi. Ko'ina za ka, ka tafi da bakin ƙahonka a aljihu. Likitan da ya yi maka na farko ya yi wa mai cin tuwo ne, ba wanda ya gaya masa mai busa ne a gabansa. Wurin mai tabarau kuma ka ɗauki ƙahon ɗungurungum, a auna daga idonka zuwa katin. Ba ka buƙatar gilashin da ke yin baƙi da kansa. Mai arha, mai ganin tazara ɗaya, ya ishe ka. Telmo kuwa, wanda ya yi karatu har Porto ba zai kasa ƙara girman rubutu ba.

Hanyarka ta uku kotu ta toshe ta da dutse. Ha'inci ne ga kamfani, wannan ƙaramin laifinta ke nan. Babban shi ne mace tana laluben allura ta ce za ta jira, kai kuma ka yarda. Uwargida Deolinda, mun san kina karantawa, da takardar kusa da hanci. Muna gaishe ki. Maganar kofi ta yi kaifi, an rubuta miki gargaɗi. Amma cikin makon nan za a kai ki a auna idonki, kuma mai ƙara ne zai riƙe miki jaka.

Yanzu ga Belmiro. Laifinsa a fili yake. Wanda ya gatsa ɓawon burodi a gaban abokin da ba shi da na gatsawa, ya kuma haɗa da tayi, ya yi rashin ta ido, kuma da shi ya rubuto da ya ji daga gare mu. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Haƙoran nan ba Suwizalan ce ta ba shi sadaka ba, shekara talatin na ɗaukar siminti cikin sanyi ya biya, a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubansa. Ka kuma tuna inda yake tsayawa duk Agustan da ya zo hutu. Cikin jama'a, da rigar baƙo, yana sauraron abokinsa yana busa a ƙofar coci, matar da ya taɓa rawa da ita tana jiran abokin da ruwan sha. Kai shekara ɗaya ka yi kana hassada har ka rubuto wa jarida. Ka ƙiyasta nasa. Mutum ba ya sa zakuna biyu a ƙofa sai yana tsoron a wuce ba a lura ya dawo ba.

Ga hukunci. Batun gwiwa, a'a. Al'adar da kake taƙama da ita ta wanda bai taɓa fashi ba ce. Ranar da ka zauna gida, da ƙafarka ka miƙa abin har abada, kuma kowa zai san ba gwiwa ba ce. Busawa da gam kuma, a'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, bakinka ba zai gyaru kafin Agusta ba, kuma shirun ƙofar coci na jama'ar gari ne, ba wurin gwajin sa'a ba.

Abin da za ka yi, ranar taro ka riga Telmo miƙewa. Ka ce al'ada. Ka bari dattawa su gyaɗa kai, kowa ya ji a kunnensa cewa busar taka ce. Sa'an nan ka juya ka ce bana kana ba Belmiro aronta, shekara ɗaya, saboda bakinka yana wurin gyara, kamar yadda kowa ya gani ya kuma ji a kan ganga. Ka faɗi wannan da kanka kafin wani ya faɗa. Abin da aka ƙwace ya tafi, abin da ka ba da aro naka ne ko yana hannun wa. Ranar biki ka sa kakinka, ka zagaya gari da su kana busa ƙananan muryoyin da bakinka zai ɗauka, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a ƙofar coci.

Ba za mu ruɗe ka ba, zai yi ciwo. Zai busa da kyau, za ka ji mata suna jan hanci, kuma Deolinda tana iya ganin abin sarai da sabon tabarau. Ba kuma mu da tabbacin baɗi bakinka zai dawo yadda yake. In ya dawo, ka karɓi kayanka. In bai dawo ba, ka zama wanda ya miƙa busar da hannunsa yana tsaye, alhali kai sai da aka kai Gervasio makwanci ka samu. Hassadar ba za ta tafi ranar taro ba. Amma da wuya ta yi ƙiba a jikin mutumin da yake bin wani bashin godiya.

Allah ya ƙarfafa dasashi, ya ƙara wa uwargida hasken ido, ya bar ku da abokinka har ku koma tsoma burodi a miya tare.

Saura shari'a ɗaya. Domin binciken wannan ƙara, mai wannan fili ya buga waya wani asibitin haƙori ya tambayi kuɗin dashe, wai a madadin mai karatu. Kafin a kashe waya sai ga shi yana tambaya game da turmin haƙorinsa na hagu, wanda ya daɗe yana yi wa kallon maƙwabci mai shirin tashi. Da ya ji farashin, ya ajiye waya, ya yini guda yana jin haushin Belmiro, bawan Allahn da bai taɓa gani ba. Kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tarar kwalba ɗaya ta man shafa wa ƙaho, ƙarama, za a aika wa badujalarku kafin biki. A ɗiga wa ƙahonin biyu, a fara da naka.